Gano Sababbin Nau'o'in Bakteriyar Teku da Raɗa Musu Suna: Abin da Ya Shafi Hausa

1.0 Gabatarwa

Tsakanin birnin Bauchi da gaɓar teku akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita, kuma galibin mazauna birnin iyakar abin da ya haɗa su da ruwan gishiri shi ne kifin ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwar Wunti da ta Muda Lawal. Don haka mai karatu yana da damar ya tambayi dalilin da zai sa a zauna a nan a yi rubutu a kan bakteriyar teku, kuma a cikin mujallar nazarin harsuna.

Dalili na farko shi ne cutar amai da gudawa, wato kwalara. Halittar da ke haddasa ta, wadda masana kimiyya suke kira Vibrio cholerae, asalin mazauninta shi ne bakin teku da wuraren da ruwan kogi yake gaurayuwa da na gishiri. Annobarta ta bakwai ta taso daga tsibirin Sulawesi na ƙasar Indonesiya a 1961, ta iso Nijeriya ta wajen Legas a ƙarshen 1970, daga nan ta bi gurɓataccen ruwan sha daga gari zuwa gari har ta zama sananniya a Arewa. A shekarar 2021 an ƙiyasta cewa fiye da mutum 100,000 suka kamu da ita a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Jihar Bauchi tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. An yi wa jama'a faɗakarwa da Hausa a rediyo da masallatai da dandalin unguwanni. Dalili na biyu kuwa shi ne, aikin gano sabon nau'in halitta ba ya kammala a ɗakin gwaji. Sai an raɗa suna, an bi ƙa'idar nahawu, an buga, sannan duniya take yarda cewa an gano wani abu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake gudanar da wannan aiki a kan bakteriyar teku, sannan ta nuna inda kalmomin da muke da su a Hausa suke gazawa wajen ɗaukar bayanin.

2.0 Matsalar "Ƙwayar Cuta"

Kalmar da ta fi yawo a bakin masu fassarar labarai da malaman asibiti ita ce "ƙwayar cuta", jam'inta "ƙwayoyin cuta". Da ita ake fassara bakteriya, da ita ake fassara bairos, da ita kuma ake kiran halittar da sauro ke sakawa a jini ta kawo zazzaɓi, alhali kuwa nisan da ke tsakanin waɗannan ukun ya fi wanda ke tsakanin akuya da bishiyar kuka. A asibiti wannan gajarcewa tana biyan buƙata, domin majinyaci magani yake nema. Amma da zarar an fita daga asibiti sai kalmar ta fara ɓatar da mai sauraro. Bakteriya ce take sa madara ta koma kindirmo, ita ce kuma (musamman Bacillus subtilis da 'yan'uwanta) take mayar da kalwa daddawa. Babu mai daddawar da za ta yarda a ce mata ƙwayoyin cuta take kiwo a tukunyarta, kuma tana da gaskiya.

A teku gazawar ta fi fitowa fili. A cikin cokalin shayi ɗaya na ruwan saman teku akwai bakteriya miliyoyi, kuma kusan dukkansu ba su da wata hulɗa da jikin ɗan Adam. Ko ita Vibrio cholerae ɗin, masana sun kasa ta gida fiye da 200, biyu kaɗai daga ciki, waɗanda ake yi wa lamba O1 da O139, su ne suke tayar da annoba. A ganina abin da ya fi dacewa shi ne a bar "ƙwayar cuta" ga aikinta na nuna kowace ƙaramar halitta mai cutarwa, a karɓi "bakteriya" a matsayin ararriyar kalma. Ta riga ta zauna daidai da tsarin gaɓar Hausa, kuma ƙarewarta da wasalin /a/ ta sa masu magana suna ɗaukar ta tamata tilo (bakteriyar nan, bakteriya ce), ko da yake a harshen da aka aro ta sigar jam'i ce. Idan ana buƙatar jam'i, "bakteriyoyi" yana bin sahun mota da motoci, taga da tagogi.

Akwai kuma kalmomin matakan rarrabewa, waɗanda dole a tsayar da su kafin a ci gaba. Masu fassara da yawa suna amfani da "jinsi" ga mataki na ƙasa, wanda ya haɗa halittun da ake ɗauka abu guda ne. Sai dai manazarta harshe sun riga sun keɓe "jinsi" ga bambancin namiji da tamata, kamar yadda aka tsayar a littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, kuma za mu ga nan gaba cewa ma'anonin biyu suna haɗuwa a jumla guda idan ana bayanin sunayen kimiyya. "Iri" kuwa ta yi faɗi da yawa. Saboda haka a wannan maƙala za a yi amfani da "nau'i" ga wannan mataki, "dangi" ga matakin da ke samansa wanda ya tara nau'o'i makusanta, sai "tsatso" ga zuriyar ƙwaya guda da aka ware aka rena a ɗakin gwaji.

3.0 Yadda Ake Ganowa

Hanyar da aka gada tun ƙarni na 19 ita ce ta reno. A ɗebo ruwa, a shafa ɗigonsa a kan daskararren abinci a cikin ɗan faranti mai murfi, a jira kwanaki. Kowace ƙwaya da abincin ya karɓe ta sai ta yi ta rabuwa biyu-biyu har ta zama ɗan tabo da ido ke iya gani. Daga nan a ɗauki tabo guda a sake shukawa har a tabbata ba a gauraya da wani ba, sannan a duba siffarsa a madubin likita, a gwada abin da yake ci da yawan gishiri da zafin da yake jurewa. Claude ZoBell, wanda ya wallafa littafinsa a kan ƙananan halittun teku a 1946, shi ya haɗa abincin reno mai lamba 2216 da har yau ake amfani da shi.

Matsala ta bayyana ne lokacin da aka sami hanyar ƙidaya ƙwayoyin kai tsaye. A 1977 John Hobbie da abokan aikinsa suka nuna yadda za a tace ruwa, a rina abin da ya tsaya a matacin da rini mai ƙyalli, a ƙirga a madubi. Sai aka ga kusan ƙwaya miliyan ɗaya a kowace mililita, alhali abin da ke tsirowa a faranti bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan adadi ba. Wato dai shekara da shekaru masana suna nazarin 'yan tsirarun da suka yarda su ci abincin ɗakin gwaji ne, mafi rinjaye kuwa ko sunansu ba a sani ba.

Mafita ta zo daga aikin Carl Woese, wanda shi da George Fox suka nuna a 1977 cewa ana iya auna kusancin halittu ta hanyar kwatanta wani yanki na rubutun gado da kowace bakteriya take ɗauke da shi, wanda ake yi wa laƙabi da 16S. Rubutun gadon nan, wato DNA, jerin sinadarai huɗu ne da ake wakilta da haruffa huɗu, kuma yankin 16S yana da tsawon haruffa kimanin 1,500. Wanda ya san nazarin kwatanta harsuna ba zai ga baƙon abu a nan ba. Kamar yadda ake jera kalmomin Hausa da na Bolanci da na Ngizim a ƙirga inda suka dace da inda suka saɓa don a zana bishiyar dangantakarsu, haka ake jera waɗannan haruffa. Babban amfanin hanyar shi ne ba ta buƙatar reno: ana iya tatso DNA daga ruwan kansa a karanta.

Da wannan hanya Stephen Giovannoni da abokan aikinsa suka bincika ruwan Tekun Sargaso, wani yanki na Atlantika, a 1990, suka sami jerin haruffan da bai dace da na kowace sananniyar bakteriya ba. Suka yi masa lamba SAR11. Shekara 12 wannan halitta ta yi ana saninta da lamba kawai, babu wanda ya riƙe ta a hannu, ko da yake bincike ya nuna ita da makusantanta su ne kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyin da ke ruwan saman teku. Sai a 2002 Michael Rappé da wasu suka yi nasarar renonta daga ruwan gaɓar Oregon ta Amurka. Dabarar da suka yi ita ce rage abinci. Suka tsarma ruwan da suka ɗebo har ya zama kowane ɗan mazubi ƙwayoyi ƙalilan ne suka faɗa ciki, suka bar su a tsabtataccen ruwan teku kusan ba tare da ƙari ba. Ashe halitta ce da ta saba da ƙarancin abinci, yalwar da ke cikin faranti ita ke hana ta tsirowa. Aka kira ta Pelagibacter ubique.

Prochlorococcus marinus kuwa na'ura ce ta tono ta. Sallie Chisholm da Robert Olson da abokan aikinsu suna amfani da wata na'ura da ke tura ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ta gaban haske mai ƙarfi, sai suka lura da wani ɗan jan ƙyalli mai rauni da ba a san mai shi ba. Sun ba da rahoto a 1988, aka raɗa suna a 1992. Faɗin ƙwayarta bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita ba, amma tana haɗa abincinta da hasken rana kamar ganye, tana fitar da iskar da muke shaƙa, kuma ana ɗaukar ta a matsayin halitta mafi yawa a duniya cikin masu yin haka. A ɗaya gefen kuma akwai wadda girmanta ne ya ɓoye ta. A 1997 Heide Schulz ta ga wasu fararen ƙwayoyi jere kamar tsakiya a cikin laka da aka ɗebo daga ƙasan teku a gaɓar Namibiya, wasunsu sun kai kashi uku cikin huɗu na milimita, ana ganin su da ido. Aka bayyana su a 1999 da sunan Thiomargarita namibiensis. 'Yar'uwarta da Olivier Gros ya tsinta a dausayin bakin teku na tsibirin Gwadalup a 2009 ta kai tsawon santimita guda, har aka daɗe ba a tabbatar bakteriya ce ba, sai a 2022 aka buga cikakken bayaninta.

4.0 Sharuɗɗan Zama Sabon Nau'i

A dabbobi ana iya cewa nau'i guda su ne waɗanda suke barbara su haifi 'ya'ya masu haihuwa. Bakteriya rabuwa take yi, don haka wannan ma'auni bai shafe ta ba, dole aka koma ga lissafi. A 1987 wani kwamiti ya tsayar cewa tsatso biyu nau'i guda ne idan DNA ɗinsu ya haɗu da juna da kashi 70 cikin ɗari a gwajin haɗawa. A 1994 aka ƙara cewa idan yankin 16S bai dace da kashi 97 cikin ɗari ba, to nau'o'i ne daban, daga baya aka ɗaga adadin zuwa 98.7. A yau da karanta dukkan rubutun gadon halitta ya yi sauƙi, ma'aunin da aka fi dogara da shi shi ne dacewar kashi 95 zuwa 96 cikin ɗari na rubutun baki ɗaya. Ya kamata a lura cewa waɗannan iyakoki yarjejeniya ce ta masana. Muhawarar ta yi kama da wadda muka saba yi a kan inda karin harshe ya tsaya harshe ya fara, sai dai su sun amince da lamba, mu kuwa har yanzu muna jayayya.

Bayan lissafi sai doka. Kafin 1980 sunayen bakteriya sun yi yawa har sun zama rikici, halitta guda tana da sunaye barkatai, wasu sunayen kuma ba a san abin da suke nufi ba. Sai aka yi shara: aka buga jerin sunayen da aka amince da su, nau'o'i kimanin 1,800, aka ce daga ranar 1 ga Janairu, 1980 duk sunan da ba ya ciki ya faɗi. Tun daga lokacin, suna ba ya tabbata sai ya fito a mujalla guda da aka keɓe don haka, wadda ake taƙaita sunanta da IJSEM tun shekarar 2000. Daga 2001 kuma aka wajabta cewa mai raɗa suna ya ajiye tsatson shaida, mai rai, a rumbunan ajiya biyu da ke ƙasashe biyu daban, irin su DSMZ a Jamus da JCM a Japan da ATCC a Amurka, domin duk mai shakka ya nema ya gwada da kansa.

Wannan sharaɗi ya bar mafi yawan bakteriyar teku a waje, tun da ba su renuwa. Don su aka ƙirƙiro matsayin Candidatus a tsakiyar shekarun 1990, kalmar da ake sakawa gaban suna don a nuna na wucin gadi ne, mai jiran tabbatarwa. Da binciken DNA na ruwa ya bunƙasa, musamman bayan aikin Craig Venter a Tekun Sargaso a 2004 da zagayen jirgin ruwan Tara daga 2009 zuwa 2013, masu jiran suka yi yawa ƙwarai. A 2022 wasu masana suka kafa wata doka ta daban mai suna SeqCode, wadda ta yarda rubutun gado kaɗai ya tsaya a matsayin shaida. Yanzu dokoki biyu ne suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma ba kowa ya gamsu da hakan ba.

5.0 Ginin Sunayen da Yadda Hausa Za Ta Ɗauke Su

Tsarin suna mai kalma biyu ya samo asali daga Carl Linnaeus a ƙarni na 18. Kalmar farko sunan dangi ce, da babban baƙi take farawa, ta biyu kuma ita ke keɓe nau'i. Ko daga wane harshe aka ɗauko saiwar, dole a yi mata sigar Latin. Idan aka warware su sai a ga ba su da wani sirri:

(a) Thiomargarita namibiensis: farar wuta + lu'ulu'u + ta Namibiya, saboda ɗigon farar wuta da ke ƙyalli a cikinta.
(b) Prochlorococcus marinus: gabanin + kore + ƙwaya + na teku.
(c) Pelagibacter ubique: teku + sanda + ko'ina.
(d) Vibrio mimicus: mai karkarwa + mai kwaikwayo, domin ta yi kama da ta kwalara har sai 1981 aka ware ta.

Abin sha'awa ne cewa saiwar Girkanci da ke ƙarshen (b) ma'anarta ƙwayar hatsi ko ta 'ya'yan itace, wato daidai da hoton da Bahaushe ya zaɓa da ya ce "ƙwaya". Ita kanta "bakteriya" asalinta 'yar sanda take nufi.

Doka ta ce kalma ta biyu ta kasance ɗaya daga cikin uku: sifa da ta jitu da jinsin sunan dangi, ko suna a sigar mallaka (kamar cholerae, ta kwalara), ko suna da aka jingina kai tsaye. A nan ne (c) ta yi tuntuɓe, domin ubique bayanau ce. Masu kula da ƙa'idar suna suka ce ba ta halatta ba, suka kawo communis a madadinta, amma galibin masu bincike sun ci gaba da kiran wanda bakinsu ya saba da shi. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin daidaita kalmomin Hausa ya san wannan hali.

Wannan gini ba baƙo ba ne ga Hausa. Wanda ya duba sunayen tsirrai da J. M. Dalziel ya tattara a 1916 zai ga harɗaɗɗun sunaye irin su "gautan kura", inda kalmar farko ta nuna babban rukuni, ta biyu ta keɓe. Bambancin shi ne sunan gargajiya ba ya ɗaure da alƙawarin cewa abu guda kaɗai zai nuna. "Nonon kurciya" ana kiran tsiro fiye da ɗaya da shi, kuma sunan yana iya sauyawa daga Bauchi zuwa Sakkwato. Don haka ban ga hikimar ƙirƙira wa kowace bakteriya sunan Hausa ba, dubbai ne, kuma kowace shekara ana ƙara ɗaruruwa. Abin da ya fi amfani ga ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko malamin kimiyya na sakandare shi ne a bar sunan Latin yadda yake a rubuce, a tanadar masa jerin saiwoyi da ɗafe-ɗafen da suka fi yawan fitowa tare da ma'anarsu da Hausa. Wanda ya san thio farar wuta ce, halo gishiri, thermo zafi, bacter sanda, kuma ɗafa-ƙeyar -ensis tana aikin da "ba-" take yi a Bakano da Bakatsine, zai iya warware ɗaruruwan sunaye da kansa.

Ɗafa-ƙeyar nan ta -ensis ita ce ƙofar da sunayen wurarenmu suke shiga wannan fage. Akwai Bacillus niameyensis, wadda ba ta teku ba ce, masu bincike a birnin Marsel na Faransa suka raɗa mata sunan Yamai. A cikin Salmonella kuma, a matakin da ke ƙasa da nau'i, akwai masu ɗauke da sunayen Legas da Ibadan da Kaduna da Jos da Vom. Tsatson kwalara da ya iso mana a 1970 ma sunan wuri yake ɗauke da shi: El Tor, wata tashar killace matafiya a yankin Sina'i, inda aka fara ware shi a 1905 daga alhazai masu komowa daga Makka. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita kimanin 850, da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, sannan a cikin Jihar Bauchi akwai maɓuɓɓugar Wikki ta Yankari mai ɗumin digiri 31 da madatsar Gubi, duk wurare ne da ake iya ɗebo ruwa a bi matakan da aka bayyana a sama.

Idan hakan ta faru, za a ci karo da abubuwa biyu da suka shafi harshe kai tsaye. Na farko, dokar suna ba ta karɓar alamomin da ake ɗora wa haruffa, kuma abacadar Latin ba ta da ƙ da ɗ da ɓ. Sunan da aka gina a kan Ɓalewa ko Haɗeja ko Ƙaraye zai rasa ƙugiyarsa, tsawon wasali da karin sauti kuwa dama ba a rubuta su. Wurin da kaɗai za a iya adana asalin furucin shi ne sakin layin bayanin asalin suna da doka ta wajabta wa mai raɗawa ya rubuta, kuma a nan masanin kimiyya yana buƙatar manazarcin harshe a kusa da shi. Na biyu, sifar nigeriensis tana iya nufin Nijeriya, tana iya nufin Nijar, tana kuma iya nufin kogin Neja, kuma mai karatu a Jamus ko Japan ba shi da hanyar bambancewa. Sunan gari ko na maɓuɓɓuga, irin bauchiensis ko wikkiensis, ba shi da wannan harshen damo.